Kabarin da Muka Haƙa wa Mai Kemis

Ni malamin gona ne, a wani ƙauye kusa da Maska aka haife ni, kuma ban taɓa lissafa kaina cikin manyan 'yan boko ba. Aikina yawo a kan babur tsakanin Funtua da Danja, ina duba masara da waken soya, ina faɗa da masu sayar da jabun maganin feshi. Amma da 'yan ajinmu na sakandare suka fara dawowa gari, wannan likita, waccan lauya, wancan a banki, suka ce za a kafa ƙungiyar taimakon al'umma, sai kawai na wayi gari na gan ni a guruf ɗin waya, ba wanda ya tambaye ni. Na so in fita. Na zauna don in ga inda abin zai tsaya, kuma don abokina mai kemis yana ciki.

Ba zan ce mu munafukai ba ne. Da gaske muke. Mun gaji da yadda ake kallonmu idan muka je taro a Abuja ko Legas, da zarar an ga hula da tabon sallah sai a fara yi maka magana a hankali kamar mai ciwon kunne. A gida kuma dattawa na ganin boko ya cinye mu, ba mu san komai ba sai danna waya. Muna so mu nuna wa kowa cewa mutum zai iya yin sallah a kan lokaci ya kuma zo taro a kan lokaci. Na farkon mun yi ƙoƙari. Na biyun kam har aka daina damuwa da shi.

Shekarar farko abincin buɗa-baki muka raba da azumi. Aka ɗinka mana riguna iri ɗaya masu tambari a ƙirji, likita ya zama shugaba saboda ya fi kowa iya tsara magana, lauya ta zama sakatariya. Mukan tsaya a bakin tasha mu miƙa wa mutane kunu da ƙosai a leda, wani yana ɗaukar hoto. Ni abin yana ba ni kunya, don a cikin masu karɓa nakan ga mutanen da na sani, manoman da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, waɗanda a da su ne ke cika mini buhu da gyaɗa idan na je duba musu shuka. Sukan sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar, mai hoto ya ce mu ɗago.

Mai kemis ne ya kawo maganar maƙabarta. Ya ce damina ta burma kaburbura da yawa a maƙabartar bayan unguwarsu, ciyawa ta kai ƙirjin mutum, awaki na shiga ta inda katanga ta faɗi. Ya ce aikin yana da kyau ɗaya, wanda ka yi wa ba zai tashi ya yi maka godiya a gaban kyamara ba. Aka yi dariya, aka amince. Ina ganin rabinmu ba su san cewa da su yake ba.

Bari in faɗi ko wane ne shi. Mahaifinsa Bayerabe ne musulmi, ya zo Funtua a jirgin ƙasa tun yana saurayi, ya yi ta sayar da kayan gyaran keke har ya tsufa. A nan aka haifi abokina, a gidan haya, a nan ya yi makarantar allo, ya sha bulala a hannun malamin da ya doki rabin unguwa. Hausarsa irin ta Katsinawa ce tsantsa, ta fi ta likita nesa ba kusa ba, don likita ba ya iya kai jimla ƙarshe sai ya jingina ta da Turanci. Yarbancinsa kuwa, shi da kansa yakan ce bai wuce na neman abinci da amsa faɗan uwa ba. Yana da ciwon sikila tun yarinta, shi ya sa ya karanta haɗa magunguna, ya buɗe kemis kusa da kasuwar hatsi. Siriri ne, idanunsa kullum da ɗan rawaya-rawaya, ga baki kamar reza.

Ni Bayerabe nake kiransa, gaba da gaba, tun muna aji ɗaya. Shi kuma ya ce mini ɗan ƙauye, wai har yau ina tsoron tsallaka kwalta. Idan ya ci tuwo a gidanmu in ce ya yi haƙuri ba mu da manja, shi kuma idan na shiga shagonsa ya ce a kawo mini tabarma kada in faɗo daga kujera. Haka muke. Sauran 'yan ƙungiya ba sa yin haka. Su masu ladabi ne, sun halarci tarurrukan zaman tare da mutunta al'adun juna, wasu har da takardar shaida. Idan ya shigo taro sai likita ya gaishe shi da kalmomin Yarbanci biyu da ya koyo a hidimar ƙasa. Idan ana maganar biki ko suna sai lauya ta juya da murmushi ta ce, ku a wajenku yaya ake yi? Yakan ce wajenmu bayan kasuwar hatsi ne, yadda kuke yi haka muke yi. A yi dariya, mako ya zagayo a sake tambayarsa. Na taɓa ce masa abin yana ƙona mini rai. Ya ce in bar su, zagina ya fi masa daɗi, amma su ma ba da mugunta suke yi ba.

Ranar Asabar muke zuwa maƙabarta, da an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske. Da farko mun yi yawa. Aka zo da sababbin shebura da safar hannu, har da masu takalmin roba da ko laka bai taɓa gani ba. Da aka gane aikin ba na tsayuwa ba ne, cire ciyawa ne mai ƙaya da kwasar ƙasa a kwano da cike ramin da kake ganin gefen likkafani a ciki, sai uzuri ya yi yawa. Wannan yana da aiki a asibiti, wancan an tura shi Malumfashi. Sukan turo gudummawa, ba zan ci haƙƙinsu ba, da ita aka gyara katanga, aka sayi itacen rufi aka tara a rumfa don kada a rasa idan an kawo gawar wanda ba shi da hali. Amma masu riƙe shebur muka koma 'yan kaɗan, tare da tsofaffin da ke haƙa kabari tun kafin mu san akwai ƙungiya a duniya.

Abokina bai taɓa fashi ba sai idan ciwo ya kwantar da shi. Ba ya iya aiki mai nauyi, da ya ɗaga diga sau kaɗan numfashinsa zai sarƙe. Sai ya koma kwaɓa ƙasa da jera itace da gyara bakin kabari da tafin hannu. Ya san na wa da na wa ne. Wannan mai naman da ke ƙara masa tsoka idan an aike shi, wancan malaminsu na allo, ga na wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ta taɓa goya shi zuwa asibiti. Yana aiki yana gaishe su a hankali. Ni ban san kowa a wurin ba, nawa suna can ƙauye.

Wata Asabar cikin damina, mun gama cike wani kabari da ya rufta, muka zauna a gindin darbejiya muna cin gasasshiyar masara. A nan ya ba ni labarin mutuwar mahaifinsa, wanda a lokacin ni ina makaranta a Zariya. Tsohon ya bar wasiyya a kai shi garinsu, kuma ƙannensa suka zo da mota suka cika masa. Abokina ya bi gawar kwana da yini a kan hanya. A can aka binne shi a ƙofar gidan gado, aka shafe da siminti. Ya ce mutanen kirki ne, sun karɓe shi hannu biyu, amma yara suna binsa suna kiransa ɗan Hausa, kuma da aka ce ya yi wa dangi jawabi sai da aka nemo mai fassara. Ya ce tun ranar bai daina tunanin cewa cikin masu wucewa ta kabarin babu wanda ya san yadda tsohon ke dariya a bakin shagonsa ba.

Sai ya nuna mini gefen katangar gabas da guntun masarar da ke hannunsa.

"Ɗan ƙauye, ka san ciwona. Idan na riga ka, kada ka bari a ɗora ni a mota. Baba can aka haife shi, ya koma. Ni nan nake."

Na ce masa ya rufe mini baki, mugu ba ya mutuwa da wuri. Ya ce ya ji, amma dai na ji abin da ya ce. Na ce na ji. Muka ci gaba da cin masara. Ban ce ya rubuta ba, ban ce ya gaya wa wani ba. A garin nan wa yake rubuta irin wannan? Mutum ya mutu da safe, kafin azahar an kai shi, wanda bai samu jana'iza ba ya zo gaisuwa. Ba a taɓa buƙatar takarda ba.

Damina ta zagayo kafin abin ya faru. Ciwon ya tashi masa kamar yadda ya saba, aka kwantar da shi a asibitin da likitanmu ke aiki, muka ɗauka irin na kullum ne. Na je da yamma na same shi yana yi wa ma'aikaciyar jinya gardama a kan sunan allura. Washegari da hantsi ina shirin hawa babur zuwa Danja likita ya kira ni, ya ce sai haƙuri.

Ban je asibiti ba. Na san mutane za su cika can, kuma na san inda ake bukatata. Na wuce maƙabarta kai tsaye, na sami biyu daga cikin tsofaffin nan masu haƙa kabari, na nuna musu gefen katangar gabas. Na cire riga na rataye a reshen darbejiya, wayata tana cikin aljihu. Ƙasar ta sha ruwa, tana da nauyi, tana liƙe wa shebur. Muka haƙa babban ramin, muka fitar da ƙaramin na ciki, na shiga da kaina na daidaita gefensa, na sa aka rage faɗin don na san jikinsa. Ina haƙa ina kuka, ba na ɓoyewa. Muka ɗebo itace daga rumfa, wanda shi da hannunsa ya jera, muka yanko ganye, muka kwaɓa ƙasa. Kafin rana ta take mun gama. Na zauna ina jiran in ji tahowar mutane.

Aka kira azahar ba kowa. Sai a lokacin na ciro wayata, na ga guruf ya cika da saƙonni. Na karanta ina tsaye a bakin ramin. An yi ta'aziyya, an saka hotonsa cikin rigar ƙungiya. Sannan likita ya rubuta cewa kasancewar marigayin yana da dangi a kudu, kuma ya kamata mu mutunta yadda suke nasu al'amarin, an kira ƙanin mahaifinsa an sanar da shi, an kuma ajiye gawar a mutuware, ɗakin sanyi na asibiti, har su iso. A ƙasa mutane sun yi ta sa wa likita albarka, wai wannan ita ce wayewa, wannan shi ne musuluncin da ya kamata mu nuna.

Ban san yadda na kai asibitin ba. Na sami likita a ofishinsa da lauya, jikina duk laka. Na gaya musu abin da marigayin ya ce mini a gindin darbejiya. Likita ya cire tabarau ya murza ido, ya ce bai sani ba, wallahi bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Lauya ta tambaye ni ko akwai shaida ko rubutu. Na ce akwai ni. Ta ce ba ta ƙaryata ni, amma in duba yadda abin zai fita idan aka ji cewa Hausawa sun yi gaggawar binne ɗan wata ƙabila ba tare da danginsa ba, a wannan zamanin da komai ke hawa waya. Na ce wace ƙabila? Likita ya ce ai ya tambayi mahaifiyarsa kafin ya yi komai, ya ce mata ko a jira mutanen gida, ba ta ce a'a ba.

Nan ne na ɗaga murya, har ma'aikata suka leƙo. Ba ta ce a'a ba. Matar da ta zo garin nan tana amarya, ta haihu a hannun matan unguwa, ta ɗauki alkunyarsu gaba ɗaya. Shi ne ɗanta na fari. Tunda nake zuwa gidan ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, sai dai yaron nan. Irin wannan uwar ce za ta buɗe baki a gaban likita, a ranar da ɗan fari ya mutu, ta ce ga yadda za a yi da gawarsa? Da uwar likita ce ta yi wannan shirun, da ya gane shi ba sai an fassara masa ba, ya ce a kawo makara. Da yake ita ce, sai ya ji shirun wani yare.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya na ji shi. Ashe tun da hantsi dattawan unguwa sun taru, an ɗauko makara daga masallaci, an yanko likkafani, mai wanka ya zo. Sai saƙo ya iso cewa likita ya ce danginsa na tafe. Liman ya ce tunda masu ilimi sun ce haka, wataƙila akwai abin da ba mu sani ba. Aka mayar da makara. Mutanen da suka san shi tun yana rarrafe suka janye, saboda mu muke da farar riga da Turanci, kuma mu ne abokansa.

Na tafi wurin mahaifiyarsa. Ɗakin cike da mata, aka matsa mini na durƙusa a bakin ƙofa. Na ce Mama, an haƙa kabari, idan kin sa baki yanzu za a ba mu shi, kafin la'asar mun kai shi. Na gaya mata abin da ya ce mini. Ta ce ta sani, ya sha faɗa mata. Da an kai shi da safe da ba wanda zai ce komai, sai dai a kira dangin mijinta a ce Allah ya yi masa rasuwa an kuma rufe shi, su yi addu'a. Amma yanzu an kira ƙannen mijinta, an ce ana jiransu, sun kamo hanya. Idan ta binne shi suna kan hanya ta yanke zumunci da hannunta, kuma tana da 'ya'ya mata biyu da ke aure a can. Ta ce in yi haƙuri. Ita ce ta ba ni haƙuri.

Washegari da rana suka iso, su uku a farar motar ɗaukar marasa lafiya da suka yi haya. Babbansu tsoho ne mai farin gemu, ya taɓa zama a Funtua shekaru masu yawa yana taya wansa kasuwanci kafin ya koma. Na yi zaton zan tsane shi. Ya sauko yana ɗingishi saboda zaman mota, ya gaishe da kowa da Hausa, ya tambayi mutanen da suka mutu tuni. Na ja shi gefe, na durƙusa, na ce Alhaji, ga abin da ɗanka ya ce, ga kabari can a haƙe tun jiya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya yarda, ya san yaron, bai taɓa sakewa a can ba. Amma tun da aka kira shi ya sanar da manyan gida, an haƙa wuri kusa da mahaifinsa, dangi sun taru daga garuruwa suna jira. Ba shi da bakin da zai koma musu da mota ba kowa.

Na ce to da ba a kira ba fa?

"Da an kira ni an ce an binne shi, da na ce Alhamdu lillahi, in zo gaisuwa. Ɗana, na zauna a garin nan. Ban taɓa ganin an sa ɗan gari a ƙanƙara ba. Baƙo ake ajiyewa har masu shi su zo. Da na ji an ajiye shi, sai na ce to, sun ce mu zo mu ɗauki namu."

Ba da zafi ya faɗa ba. Likita yana tsaye a bayana, ya ji. Ban juya na kalle shi ba.

Tsohon ya yarda a yi masa wanka da sallah a nan. Ina cikin waɗanda suka wanke shi. Jikin ya yi sanyi irin wanda ban saba da shi ba, ya ƙi lanƙwasuwa, sai da muka yi ta zuba ruwan ɗumi. A ƙofar gidan aka yi sallah, kuma ban taɓa ganin jana'izar matashi da ta tara mutane haka ba. Masu awon hatsi sun rufe rumfuna, 'yan acaɓa sun jingine babura, manoma daga ƙauyuka da yake ba magani su biya da kaka, har Kiristocin layinsu suka tsaya a gefe hannu a harɗe. Liman ya yi sallama. A daidai nan ne kullum ake rige-rigen ɗaukar makara, a nufi maƙabarta da sauri, kowa yana neman ya sa kafaɗa. Sai aka ɗaga shi aka yi taku kaɗan aka zura a mota, aka rufe ƙofa. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Wasu suka bi motar da ƙafa, don ƙafar ta riga ta saba, har bakin kwalta, daga nan direba ya ƙara wuta ya kama hanyar Zariya.

Kabari ba a ajiye wa kowa. Da yammar ranar aka sa wani dattijo daga wata unguwa a cikin wanda muka haƙa, aka ce sai da aka ɗan ƙara faɗin. Ban je ba.

Ƙungiyar tana nan har yau, ta ma ƙara girma. An sa wa rabon abincin azumi sunansa. Aikin maƙabarta ya mutu a hankali, ba wanda ya ce a daina, kawai dai Asabar ta daina zuwa da kowa, har da ni. Nakan wuce ta wajen a babur in ga ciyawa ta sake rufe katanga. Ban yi faɗa da kowa ba, muna gaisawa da likita, yaransa na kirana baba. Abin da ya kashe mini jiki shi ne ba wanda ya yi mugunta a cikin maganar nan. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita, in zagi mutum in huce. Amma mutanen da suka fi kowa karatu a garin, suka fi kowa son a zauna lafiya, su ne suka zauna aji ɗaya da shi, suka yi sahu ɗaya da shi shekara da shekaru, kuma ba su taɓa ganinsa ɗan gida ba. Idan su ba su gani ba, ban san wanda nake jira ya gani ba.

Mahaifiyarsa ba ta bi gawar ba, jininta ya hau, ba ta iya doguwar tafiya. Saboda haka a ƙofar gidan aka yi addu'ar bakwai. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo lasifika don matan da ke ciki su ji. Bayan malamai sun gama aka ba shugaban ƙungiya dama. Likita ya miƙe, idonsa ja, kuma na san kukan gaske ya yi. Ya yaba wa marigayin sosai. Sannan ya ce abin koyi a rayuwarsa shi ne, duk da cewa ba ɗan asalin garin nan ba ne, ya yi wa garin hidimar da 'yan gari da yawa ba su yi ba. Mutane suka ce Allahu akbar, haka ne. Ya riga ya ji abin da tsohon nan ya faɗa da kunnensa, amma jimlar ta fito masa sumul, ba tare da ya ji wani abu ya soke shi ba.

Ana cikin watsewa aka ce Mama tana kirana. Na shiga na tarar an fara ɗaure kwanuka a buhu, 'ya'yanta mata za su tafi da ita idan ta ji sauƙi, don ba sauran wanda za ta zauna dominsa. Ba ta yi maganar abin da aka faɗa a lasifika ba. Ta miƙe da ƙyar ta dafa bango, ta ce in biyo ta. Muka zagaya bayan ɗakinta, wani ɗan lungu tsakanin bango da randar ruwa, ƙasa ce kawai da gansakuka. Ta nuna da ƙafa. Ta ce a nan ta binne cibiyarsa, maƙwabciyarta ce ta nuna mata yadda ake yi a garin nan, har ta haƙa mata ramin da ludayi. Ta ce mai gidan ya gaya mata idan ta tashi zai shafe tsakar gidan duka da siminti ya sa sababbin 'yan haya.

"Ku da kuka iya gyaran kabari," ta ce, "irin wannan ma ana kula da shi?"

Na tsaya ina kallon wurin. Bai kai faɗin tafin hannu biyu ba, kuma ban da ita ba wanda zai iya nuna shi. Na buɗe baki in ce mata eh, Mama, za a kula, sai na ga ta san amsar tun kafin ta tambaya. Ta gyara mayafinta ta koma ɗaki tana dafa bango. A waje ana ta naɗe tabarmi.